Madison: Majalisa, Jami'a da Garken Shanu

A ƙarshen shekarar 1836 'yan majalisar yankin Wisconsin, wanda a lokacin bai kai matsayin jiha ba, suka taru a wani ƙauye mai suna Belmont domin su tsayar da inda za a kafa babban birni. Garuruwa da dama sun sa rai, kowanne da wakilinsa da hujjarsa. Wanda ya cinye takarar kuwa ko bukka ɗaya babu a cikinsa. Wani tsohon alƙali ne, James Duane Doty, ya riga ya sayi fili fiye da eka 1,000 a wani ziri da ke tsakanin tafkuna biyu, ya sa aka yanka shi fuloti-fuloti a kan takarda, aka ja tituna, aka bar fili a tsakiya domin ginin majalisa. Ya raɗa wa garin sunan James Madison, shugaban Amurka na huɗu, wanda ya rasu a watan Yunin wannan shekara, titunan kuma ya ba su sunayen mutanen da suka sa hannu a kundin tsarin mulkin ƙasar. Wa zai tashi ya soki irin wannan kishin ƙasa? Sai dai Doty bai tsaya ga sunaye ba. Sanyi ya addabi 'yan majalisa a Belmont, shi kuwa ya zo da barguna na fatar ɓauna yana rabawa, yana kuma bin su ɗaya bayan ɗaya da tayin fuloti a garin da ba a gina ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ranar 28 ga Nuwamba aka zaɓi Madison.

Filin da Doty ya yanka yana da masu shi tun kafin a haifi kakanninsa. Mutanen Ho-Chunk ne, kuma suna kiran wurin Teejop, wato tafkuna huɗu: Mendota da Monona da Waubesa da Kegonsa, waɗanda kogin Yahara ya ratsa ya haɗa. Magabatansu sun bar tuddan ƙasa da suka gina da siffar tsuntsaye da dabbobi, wasu na nan har yau a harabar jami'a, ɗalibai na wuce su da jakar littattafai. A 1832 aka tilasta musu sa hannu a yarjejeniyar barin ƙasar. An kwashe su zuwa yamma ba sau ɗaya ba, su kuma suna dawowa a ƙafa, shi ya sa har gobe akwai su a jihar.

Duk wanda ya dubi taswira zai ga garin ba shi da abin da ya ɗaga sauran biranen wannan yanki. Milwaukee, mai tazarar kimanin kilomita 125 daga gabas, tana da tashar jiragen ruwa a bakin tafkin Michigan. Chicago ta zama mahaɗar jiragen ƙasa. Madison ba ta da ma'adini, ba ta da kogin da jirgi zai bi. Abin da ta samu guda biyu ne, kuma duka doka ce ta ba ta. Na farko kujerar mulki. Na biyu jami'ar jiha, wadda aka kafa a 1848, shekarar da Wisconsin ta zama jiha, ta kuma fara karatu a watan Fabrairun 1849 da ɗalibai 17. Ginin majalisa na kan tudu ɗaya, jami'a na kan wani tudun, tsakaninsu titi ne mai tsawon kusan mil guda da ake kira State Street, wanda yanzu galibi bas da keke da masu tafiya a ƙasa ke bi. Ginin majalisar da ke nan yanzu an kammala shi a 1917, bayan gobara ta cinye na da a 1904, kuma akwai dokar da ta hana duk wani gini da ke kusa ya yi tsawon da zai kare ƙubbarsa. A ƙidayar 2020 mutanen garin sun kai 269,840, ɗaliban jami'ar kuma suna kusan 50,000. Idan aka yi hutun bazara, masu shaguna su ne na farkon sani.

Gwamnati da jami'a kaɗai ba sa sa gari ya yi arziki. Garuruwa nawa ne ke da su duka biyun, suna nan suna jiran albashin ƙarshen wata? Abin da ya bambanta Madison shi ne na uku, wanda ke wajen gari, wato saniya.

Baƙin da suka cika Wisconsin daga Jamus da Norway da Suwizalan da gabashin Amurka alkama suka fara nomawa, shekara bayan shekara a gona ɗaya, har ƙasa ta gaji, ƙwari suka ƙarasa abin da ya rage. Wani ɗan jarida, William Dempster Hoard, wanda daga baya ya zama gwamna, ya yi ta kiran manoma su koma kiwon shanun madara. Sun koma, amma sai ga wata matsala. Masana'antun cuku da man shanu suna sayen madara ne da awo, ba ruwansu da kyanta. Mai algus ya ƙara ruwa ko ya kwashe maiƙon sama, ya karɓi kuɗi daidai da mai gaskiya, to wa zai wahalar da kansa wajen kiwo mai kyau? A 1890 wani malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar, Stephen Babcock, ya fito da mafita. A ɗebi madara kaɗan a zuba a kwalba mai dogon siririn wuya da aka yi wa alamomin awo, a ƙara ruwan asid mai ƙarfi ya narkar da komai ban da maiƙo, a ɗora kwalbar a wata na'ura da ake juyawa da hannu, a ƙara ruwan zafi. Maiƙon sai ya haura cikin wuyan kwalbar, kowa ya karanta adadinsa da idonsa. Cikin 'yan mintoci an gama, kuma ba sai mai digiri ba. Daga nan aka fara biyan manomi gwargwadon maiƙon madararsa, shi ma ya gane wace saniya ce ke ciyar da shi, wacce ce ke cinye shi. Babcock ya ƙi yi wa ƙirƙirarsa rajistar mallaka, ya bar wa duniya kyauta. A yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cukun da ake yi a Amurka daga Wisconsin yake fitowa.

Shekara talatin da 'yan kai bayan haka wani malamin, Harry Steenbock, ya ɗauki wata hanyar daban. Ya gano cewa idan aka haska wa abinci wani nau'in haske irin wanda ke cikin rana, sinadarin bitamin D na ƙaruwa a cikinsa, kuma rashin wannan sinadari shi ke kawo cutar da ke lanƙwasa ƙasusuwan yara. Kamfanoni suka yi ca. Steenbock ya yi rajistar mallaka da kuɗin aljihunsa, amma bai riƙe wa kansa ba. A 1925 shi da wasu tsofaffin ɗalibai suka kafa gidauniyar da ake kira WARF, wadda ke riƙe da haƙƙin ƙirƙirar malamai, ta ba kamfanoni izinin amfani da shi, ta juya kuɗin, ta mayar wa jami'a ribar domin sabon bincike. Kada dai a mai da shi waliyyi: cikin dalilansa har da hana masu yin man girki na roba, wato majarin, samun wannan fasaha, don kada su kashe wa man shanun jiharsa kasuwa, kuma daga baya kotu ta soke rajistar. Jihar kanta sai a 1967 ta halatta sayar da majarin mai launin rawaya. Amma tsarin da ya kafa ya daɗe fiye da shi, jami'o'i da yawa sun kwaikwaya.

Labarin da ya fi nuna yadda garin ke aiki ya faru ne wata ranar Asabar a watan Fabrairun 1933, ana tsakiyar zubar dusar ƙanƙara. Wani manomi mai suna Ed Carlson ya tuƙo mota kusan mil 200 daga arewa maso yammacin jihar, ɗauke da matacciyar karsana, da damin harawa, da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Shanunsa ne ke mutuwa, jini na zuba a cikinsu ba tsayawa. Ya tarar da ofishin likitan dabbobi a rufe, ya bi ƙofar da ya samu a buɗe, sai ta kai shi ɗakin binciken Karl Paul Link. Abin da Link ya iya gaya masa a ranar bai wuce abin da aka riga aka sani ba: ya daina ba su harawar da ta yi hunhuna. Manomin da ba shi da kuɗin wata harawar ya juya ya tafi. Link da ɗalibansa kuwa suka duƙufa shekara shida kafin su ware sinadarin da ke hana jinin daskarewa. Daga cikin 'yan'uwan wannan sinadari suka haɗa wani mai ƙarfi, aka fito da shi kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera, aka sa masa suna warfarin don tunawa da gidauniyar da ta biya kuɗin aikin. Ba a jima ba likitoci suka ga cewa idan aka auna shi daidai yana hana gudan jini toshe jijiya. A 1955 aka ba Shugaba Eisenhower bayan ya yi ciwon zuciya, kuma har yau yana cikin magungunan da ake rubuta wa masu irin wannan larura a asibitocin duniya.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne manomin ya san inda zai nufa. Ya ɗauka jami'ar tasa ce, tun da harajinsa ke tafiyar da ita. Wannan tunani an daɗe ana gina shi. Charles Van Hise, shugaban jami'ar daga 1903 zuwa 1918, da Robert La Follette, gwamna daga 1901 zuwa 1906, ajinsu ɗaya a jami'ar. Van Hise ya ce hankalinsa ba zai kwanta ba sai amfanin jami'ar ya shiga kowane gida a jihar, kuma wannan manufa ita ake kira Aƙidar Wisconsin. Aka buɗe gajerun kwasa-kwasai na manoma a lokacin sanyi, aka tura malaman gona ƙauyuka, aka kafa gidan rediyo. Malamai kuma suka riƙa sauka daga tudunsu su hau na majalisa suna taya rubuta dokoki. Masanin tattalin arziki John R. Commons da almajiransa suna da hannu a dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ta 1911, da ta tallafa wa wanda ya rasa aiki, ta 1932, wadda ita ce ta farko a Amurka. Ɗaya daga cikin almajiran, Edwin Witte, shi ya jagoranci tsara dokar fanshon ƙasa baki ɗaya ta 1935.

Mai karatun Hausa yana da nasa rabon a wannan jami'a. A shekarun 1960 ta buɗe sashen harsuna da adabin Afirka, kuma Neil Skinner, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya zamanin Turawa, ya rubuta ƙamus na Turanci da Hausa, ya kuma fassara tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara, a nan ya yi shekaru yana koyar da Hausa, a garin da tafkinsa ke daskarewa har mutane su taka su je tsakiya, su huda ƙanƙara su jefa ƙugiya.

Garin da ya tara dubban matasa masu karatu a bakin ƙofar gwamnati ba ya rabuwa da hayaniya. A watan Oktoban 1967 ɗalibai suka tare wani gini don hana kamfanin Dow, mai haɗa sinadarin ƙona mutane da ake jefawa a yaƙin Biyetnam, ɗaukar ma'aikata. 'Yan sanda suka shiga da kulake, aka fasa kawuna. Abin ya yi ta ruruwa har daren 24 ga Agustan 1970, lokacin da wasu samari huɗu suka ajiye mota maƙare da abin fashewa a gindin Sterling Hall, inda wata cibiyar lissafi da sojoji ke ɗaukar nauyinta take. Sun zaɓi tsakar dare don a zatonsu babu kowa. Akwai: Robert Fassnacht, mai binciken kimiyya ɗan shekara 33, uban 'ya'ya uku, wanda aikinsa bai da alaƙa da soja. Mutuwarsa ta sanyaya gwiwar masu zanga-zanga fiye da yadda kulki ya taɓa yi. An kama uku daga cikin samarin, na huɗun, Leo Burt, ya ɓace. Abin mamaki, cikin waɗanda suka sha duka a 1967 akwai Paul Soglin, wanda a 1973 aka zaɓe shi magajin gari yana ɗan shekara 27, ya sauka ya dawo, ya sake sauka ya sake dawowa, sai 2019 ya bar kujerar gaba ɗaya.

Ba kowa ne a Madison ke cin abinci da alli ko biro ba. Daga 1919 kamfanin nama na Oscar Mayer ya riƙe arewa maso gabashin gari, kuma a lokacin da yake tashe ya ɗauki mutum kimanin 4,000. Aiki ne na wari da sanyi da wuƙa, amma mutum da takardar sakandare kaɗai yakan sayi gida da shi, ya kai 'ya'yansa jami'a. A 2015 sababbin masu kamfanin suka sanar za su rufe, a 2017 aka sa kwaɗo. A daidai waɗannan shekaru wani kamfanin yana ta kumbura a kudu maso yamma. Judy Faulkner, wadda ta karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar, ta kafa shi a 1979 a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin University Avenue da jarin dala 70,000. Shi ne Epic, mai manhajar da manyan asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya a cikinta, bayanan mutane sama da miliyan 250. Ya koma garin Verona da ke maƙwabtaka, ya gina harabar da ta fi kama da wurin wasan yara, yana ɗaukar ma'aikata fiye da 10,000, yawancinsu matasa da suka gama digiri jiya-jiya. Ga kuma kamfanonin inshora irin su American Family, da na kimiyyar halittu irin su Promega da Exact Sciences, waɗanda jami'ar ce ke shayar da su da ma'aikata. A jimlar lissafi garin bai yi asara ba, ayyuka ma ƙaruwa suka yi. Sai dai mahaucin da ya shekara ashirin yana yanka ba shi ne aka ɗauka rubuta manhaja ba, kuma matasan da suka zo da albashi mai tsoka sun sa kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi.

Ranar Asabar da safe, daga bazara zuwa kaka, kasuwar manoma ke zagaye ginin majalisa, kamar yadda take yi tun 1972. Ƙa'idarta ita ce ba ka sayar da abin da ba kai ka noma ko ka sarrafa ba, saboda haka babu ɗan kayi-nayi. Jama'a na tafiya a jere ta gefe guda, a hankali, da kofin gahawa a hannu, suna ɗanɗana ɗanyen cuku mai ƙara a haƙori. Da yawa daga cikin masu tebur ɗin kayan lambu 'yan ƙabilar Hmong ne, waɗanda suka yi gudun hijira daga Laos bayan sun taya Amurka yaƙi. Wanda ya ga garin a wannan safiya zai yarda da mujallun da ke sa shi a sahun gaba na wuraren da suka fi daɗin zama a ƙasar.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2013 wata ƙungiyar kare haƙƙin yara ta fitar da rahoto kan gundumar Dane, inda Madison take, wanda ya nuna cewa a 2011 rashin aikin yi tsakanin baƙar fata ya kai kashi 25 cikin 100, na farar fata kuwa bai kai kashi 5 ba. Giɓin da ke tsakanin ɓangarorin biyu a makaranta da gidan yari ya fi na wurare da yawa da mutanen Madison ke yi wa kallon 'yan wariya. Tsofaffi kuma ba su manta da unguwar Greenbush ba, inda 'yan Italiya da Yahudawa da baƙar fata suka zauna tare har shekarun 1960, lokacin da aka rushe ta da sunan gyaran gari. Mutanen Madison sun ƙware wajen yin taro a kan irin waɗannan batutuwa. A ganina da taro na gina gida, da tuni kowa ya samu.

Wata ɓarakar ta fi wannan faɗi, kuma ta taɓa tushen da aka gina garin a kai. Gonakin madara a jihar sun ragu daga kusan 16,000 a 2004 zuwa ƙasa da 6,000 cikin shekara ashirin. Madarar ba ta ragu ba, manyan gonaki masu dubban shanu ne suka haɗiye ƙanana, kuma kimiyyar da ta sa saniya ɗaya ke ba da abin da uku ke bayarwa a da tana cikin dalilan. Wata malamar jami'ar, Katherine Cramer, ta shafe shekaru tana zama da mutanen karkara a gidajen mai da wuraren shan gahawa tana sauraron hirarsu. Abin da ta ji, ta kuma wallafa a 2016, shi ne suna ganin Madison na karɓar harajinsu, tana yanke hukunci a kansu, tana kuma raina su. A zaɓen 2020 gundumar Dane ta ba Joe Biden kusan kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unta, alhali a jihar baki ɗaya ratar da ya bayar ba ta wuce ƙuri'a 21,000 ba.

Tsohon gwamnan jihar, Scott Walker, ya karanci wannan fushi da kyau. A 2011 ya kawo dokar da ta karya ƙarfin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ɗalibai suka mamaye ginin majalisa suna kwana a ciki makonni, taron waje ya kai mutum kusan 100,000 a wasu ranakun, sanatoci 14 na ɓangaren adawa suka tsallaka jihar Illinois don a rasa adadin da za a kaɗa ƙuri'a. Duk da haka dokar ta wuce, aka yi yunƙurin yi wa Walker kiranye a 2012, ya sake lashewa. A 2015 kuma aka ga daftarin kasafin kuɗinsa ya goge kalmomin neman gaskiya da hidimar jama'a daga dokar da ta fayyace manufar jami'ar, ya sa biyan buƙatun kasuwar ƙwadago a madadinsu. Jama'a suka yi masa ca, har da wasu 'yan jam'iyyarsa, ya lashe amansa ya ce kuskuren rubutu ne. Kalmomin suka koma inda suke. Kasafin da aka zartar a wannan shekara kuwa ya zabge dala miliyan 250 daga kuɗin jami'o'in jihar na shekara biyu, ya kuma cire kariyar aikin dindindin ta malamai daga cikin dokar jiha.